Jinyar Mishmish a Bani Malik

Tun da na dawo Gumel daga Jidda ban sami sakewa ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Dije, ba mu labari." Na bayar a gidan suna, na bayar a gidan gaisuwa, har labarin ya fara dawo mini da ƙari, wai na je ƙasa mai tsarki na yi renon kada. Shi ya sa na zaunar da Hauwa, ɗiyar ƙanwata, na ce ta ɗauki biro. Ni ban yi boko ba, amma na gaya mata abin da na faɗa shi za ta rubuta, kuma za ta karanta mini in ji. Wadda ke son labari daga yau ta nemi Hauwa.

Ɗana Sanusi ne ya aiko mini da bizar ziyara. Ya daɗe a can yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda su suke kira mukayyif. A can ya auri Nafisa, Bahaushiya ce amma haihuwar Jidda, suna da 'ya ɗaya, Shahad, wadda ta tasa ta zama budurwa ban taɓa ganinta ba sai a waya. A wayar ma in na gaishe ta sai ta yi murmushi ta miƙa wa uwarta. Umara ce babban dalilina, wannan ba a magana. Amma in faɗa muku gaskiya, yarinyar nan na je gani.

Daga Gumel zuwa Kano direbanmu yaro ne mai gaggawa. Na ce masa ya rage gudu, ya ce jirgi ba ya jira. Na ce masa jirgin ma masu rai yake ɗauka. Ya rage.

A filin jirgi aka buɗe jakata. Na ɗaure daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da man shanu a galan. Ma'aikaciyar ta ɗaga galan ɗin ta ce wannan ba ya shiga. Na ce mata na Fulanin Maigatari ne, ba na kasuwa ba. Ta ce ko na Fulanin aljanna ne. Haka na mayar wa Hauwa da shi, don ita ta rako ni, kuma har yau ban ga galan ɗin ba, tana nan tana rubutawa tana dariya.

A jirgi na zauna kusa da wata 'yar kasuwa mai zuwa sarin abaya. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta nuna mini yadda ake buɗe banɗaki, ita kuma ta cinye mini burodina da na ce ba na so tun kafin in gama faɗa.

Da muka sauka sai wahalar lalle. Ni na san ba a zuwa baƙunci da hannu fari, saboda haka na sha ƙunshi har yatsuna suka yi baƙi wuluk. Ashe can sai an ɗauki hoton yatsa a kan wani gilashi. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Askar ɗin, wato jami'in da ke wurin, wani saurayi mai ladabi, ya ba ni ƙyalle na goge, na sake ɗorawa, ta ƙi. Ya kira abokinsa suka leƙa hannuna suna "Masha Allah, ya hajja." Sai da aka gwada yatsa bayan yatsa kafin ƙaramin na hagu ya yarda. Ku mata masu shirin tafiya, ku bar lallen sai kun dawo.

Sanusi ya ɗauke ni zuwa unguwarsu, Bani Malik. Gidaje ne a kan gidaje, shaguna a ƙasa, mutane kala-kala. Abin da ya fara ba ni mamaki, babu zaure, babu tsakar gida, kowa ya shiga ya ja ƙofarsa. Maƙwabcinka zai iya rasuwa ka ji a masallaci. Nafisa ta tarbe ni da kyau, ta durƙusa har ƙasa, na ji daɗin wannan. Shahad kuwa ta zo ta sumbaci goshina ta ce, "Ahlan, Sitti," wato kaka, ta koma gefe ta tsaya kamar wadda aka aiko. Hausa tana ji, amma in za ta mayar sai ta tsinto kalma ɗaya-ɗaya.

Aka kai ni ɗakin da ya fi kowanne kyau da sanyi. Na ga littattafai da kayan 'yan mata, na gane nata ne aka kwashe ta saboda ni. Haka ake yi wa baƙo ko a gida.

Da safe na fito zan shiga kicin sai na ga wani akwatin gilashi cike da ruwa a lungun da ke kusa da murhu. Na leƙa. Wani abu ne fari-fari mai ruwan hoda, tsawon tafin hannu, da ƙafa huɗu da wutsiya, a gefen kansa wasu jajayen tuntaye suna kaɗawa, bakinsa kamar yana murmushi. Na ce tsaka ce ta faɗa ruwa, na tuɓe takalmi.

Shahad ta fito da gudu ta tsaya tsakanina da akwatin. "La, Sitti, la. Mishmish ne. Nawa." La ɗin nan a'a ce a bakinsu, Mishmish kuma sunan da ta sa masa.

Nafisa ta yi mini bayani. Sunan dabbar aksolotul, asalinta daga wata ƙasa mai nisa, a ruwa take rayuwa, tuntayen nan da su take numfashi, ba ta cizo, ba ta dafi. Na ce ana ci? Ta ce a'a. Na ce yana ƙwai a sayar? Ta ce a'a. Na ce to me yake yi? Ta ce, "Kallonsa ake yi, Inna." Na mayar da takalmina. A Gumel dabbar da ba ta nono, ba ta ƙwai, ba ta gadi, ban san mai ajiye ta ba.

Abinci kuwa na ci ful da tamis, wato dafaffen wake da wani faffaɗan burodi mai zafi da ake gasawa a tanderu. Na ci kabsa, shinkafa da kaza a faranti ɗaya kowa ya sa hannu. Da daɗi, amma ba yaji. Ana kwana biyu na karɓi kicin na yi tuwo da miyar kuka. Sanusi ya ci har yana share ido. Shahad ta taɓa da cokali ta ce shukran.

Muka je Makka muka yi umara. Wannan ba zan iya ba ku labarinsa ba, sai wanda ya je. Allah Ya kai duk mai buri.

Bayan mun dawo ne abin ya faru. Ni mutum ce da ba na wuce abu ban dube shi ba, ko tukunyar wani ce. Kullum in zan shiga kicin sai na leƙa dabbar nan, ba don so ba. Ran nan na ga wani farin abu kamar zaren auduga a jikin tuntu ɗaya, tuntayen kuma sun lanƙwasa gaba, sun koɗe. Na kira Nafisa na ce, "Ƙadangaren 'yarki ya yi funfuna." Ta ce ƙila abinci ne ya maƙale. Na ce na san funfuna, na shekara nawa ina ajiyar daddawa.

Da Shahad ta dawo makaranta ta duba, sai ta zauna a ƙasa. Ta ciro wani ma'aunin zafi daga ruwan ta nuna wa uwarta, suka yi ta Larabci da sauri. Ban ji ba, amma na ga yarinyar ta kalli ƙofar ɗakin da nake, ta kalle ni, ta kau da kai. Na matsa wa Nafisa sai da ta faɗa. Dabbar nan ruwan sanyi take so. Da a ɗakin Shahad take, mukayyif na aiki dare da rana. Da aka ba ni ɗakin aka fito da ita kusa da murhu, ruwan ya yi ɗumi, ni kuma ga tuƙin tuwo kullum. In ruwa ya yi ɗumi jikinta ya yi rauni, funfuna ta kama, in ta cinye tuntayen shi ke nan.

Na yi lissafina. In abin nan ya mutu, har yarinyar nan ta tsufa za ta ce shekarar da kakata ta zo ne Mishmish ya mutu. Iyakar abin da za ta sani game da ni ke nan.

Da Sanusi ya dawo na ce a mayar da akwatin ɗaki, ni in koma falo.

Ya ce, "Haba Inna. In kwantar da ke a falo saboda ƙadangare? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Su wane mutane? Nan da kowa ƙofarsa a rufe?"

Ya ce wallahi ba zai iya ba. Na ce to, mu zauna tare, ni da ƙadangaren, yarinyar kuma ta shimfiɗa katifa a ƙasa ta kula da kayanta. Ya ce sanyin zai taɓa mini gwiwa. Na ce gwiwar tawa ce.

Ya kuwa taɓa. Washegari Nafisa ta kai ni Balad, tsohon gari mai gidajen dutse da tagogin katako, muna ratsa lunguna zufa na zuba, ni ina neman bargo da safa da rigar sanyi. Wani mai shago ɗan Damagaram ya dube ni ya ce, "Hajiya, tsarabar gida ce?" Na ce a nan zan sa. Ya ce, "A Jiddan nan?" Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga matar da ke jin sanyi. Sai da ya hau tsani ya sauko da bargon daga saman kaya, duk ƙura.

Ga yadda jinyar take, don masu cewa renon kada na yi. Shahad ta tura wa wani likitan dabbobi hoton, ya gaya mata abin yi. Aka fitar da Mishmish daga akwatin aka sa shi a roba mai tsabta da murfi mai huji. Ruwan ba na famfo kai tsaye ba, sai an ɗiga masa wani magani mai kashe ƙarfin sinadarin famfo, a sanyaya shi, kuma kullum a sake sabo. Ana jingina gorar ƙanƙara a jikin robar, a rufa masa ƙyalle don ba ya son haske. Ba a taɓa shi da hannu, ba a cire funfunar da farce, ko da hannunka na ƙaiƙayi. Sai wankan shayi. A dafa baƙin shayi zalla, ba sukari, ba na'ana'a, ba citta, a bar shi ya huce sarai, a surka da ruwansa har ya yi fari-fari, a sa shi ciki ɗan lokaci kaɗan a fitar. Likitan ya ce in abin ya ƙi, akwai wankan gishiri, amma yana da zafi a fatarsa, kada a fara da shi.

Na ce wa Shahad a gida in abu ya yi funfuna rana ake kai shi. Ta zaro ido ta ce, "Rana, ya mutu. Sitti, rana la." Na ce na ji. Ta nuna mini wani layi da ta zana a jikin ma'aunin, ta ce ja ɗin kada ya wuce nan. Karatu ne ban iya ba, layi kuwa na iya gani. Tana makaranta ni ke gadi. Ta kuma ce in ruwa ya taɓa yin ɗumi kada a juye masa ƙanƙara gaba ɗaya, a hankali ake saukar da shi. Wannan maganar ta ɗauke ta lokaci, rabi da Hausa rabi da hannu, amma ta fita.

Ana nan sai matan unguwa suka zo yi mini sannu da zuwa. Babbarsu Hajiya Zinariya, 'yar Maraɗi, mai sayar da turare a unguwar Ammariyya, mace mai kirki da yawan magana, wadda ba ta ganin aiki ta bar shi. Suna shiga ɗakina suka fara rawar ɗari. Ta ce, "Hajiya, mutuware kika koma?" Ta miƙa hannu za ta ɗauki rimot, na riga ta, na zauna a kai. Na ce akwai mara lafiya. Na ɗaga ƙyallen suka gani.

Nan fa kowa ta zama likita. Wata ta ce a ɗiga man habbatus sauda. Wata ta ce man zaitun. Hajiya Zinariya ta ce, "Wannan ai funfuna ce, sanyi ne ya yi masa yawa. Kun kulle bawan Allah a duhu." Na ce an gode, muna da magani. Muka koma falo aka ci abinci.

Da aka kira azahar na shiga alwala, na yi sallata a ɗakin Nafisa don baƙi sun cika falo, nawa kuma ga sanyi, na ɗan zauna lazimi. Da na koma ɗakina babu roba.

Ban yi ihu ba. Na fito na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Zinariya tana murmushi irin na wadda ta yi abin kirki. Ta ce, "Na fitar miki da shi baranda ya sha rana. Kafin la'asar za ki ga ta bushe."

Ranar Jidda ba irin tamu ba ce, da tururi take zuwa. Na tarar da robar a buɗe, na sa yatsa, ruwan kamar na wankan jariri. Mishmish ya taso sama ya karkata gefe, bakin nan na murmushi yana buɗewa yana rufewa. Ja ɗin ma'aunin ya bar layin can ƙasa.

Na ɗauko shi na shigo. Nafisa ta taho da kwanon ƙanƙara za ta juye, na riƙe hannunta. Na ce ta kawo ludayi da ruwansa na firij. Na zauna a ƙasa, in kwashe ludayi ɗaya na ɗumi, in zuba ɗaya na sanyi, in jira, in duba layin. Matan suka tsaya a bakin ƙofa. Hajiya Zinariya ta ce, "Wallahi alheri na nufa." Na ce, "Na sani. Riƙe mini gorar nan a jikin robar, kada ki motsa." Ta riƙe har yatsunta suka ƙage, ba ta ce uffan ba, wanda na ji an ce ba a taɓa gani ba a Ammariyya.

A haka Shahad ta shigo da jakar makaranta. Ta ga baƙi, ta ga robar, ta ga ludayi. Na gaya mata abin da ya faru ba ragi. Ta durƙusa ta duba ma'aunin, ya kusa layi. Mishmish ya riga ya sauka ƙasa ya tsaya da ƙafafunsa. Ta ce, "Shwayya shwayya kika yi?" Na ce a hankali, yadda kika ce. Ta karɓi ludayin, na riƙe mata robar.

Kwanakin da suka biyo baya ba daɗi. Funfunar ta ƙaru ta kama tuntu na biyu, ya daina cin abinci sam. Abincinsa tana ce, irin ta ƙasa, a shago ake sayo ta a gwangwani, ku ji ikon Allah. Shahad ta miƙa masa da hantsaki ya kau da kai. Likita ya ce a ci gaba da shayin, a ƙara haƙuri. Ni ke dafawa, don na lura Nafisa in ta ɗora shayi hannunta da kansa yake zuwa gwangwanin sukari. Muna zaune ni da yarinyar muna jiran wanka ya ƙare, ba abin yi, sai ta fara tambayata sunayen abubuwa. Wannan fa? Ludayi. Wannan? Murfi. Ta tambaye ni ko babanta ya yi rashin ji yana yaro. Na ce kawo kunnenki. Sanusi ya shigo ya tarar tana dariya har da riƙe ciki, ya ce me ake cewa, muka ce maganar mata ce.

Hajiya Zinariya kuwa kullum sai ta aiko a tambayi mai jiki. Har fanke ta aiko, wai na masu jinya.

Wata safiya ina sake ruwa na ga farin abin ya saki, yana yawo a ƙasan robar kamar ɓawon ƙurji. Tuntu ɗaya ya gajarce, amma Shahad ta ce zai sake tsirowa, haka Allah Ya yi su. Jan tuntayen ya fara dawowa. Saura ci. Tafiyata kuma ta matso, har Nafisa ta fara ɗaure mini dabino.

Ana jibi zan taso, Shahad ta gwada ba shi tana ya ƙi. Ta miƙo mini hantsakin ta ce, "Ke." Ni da na haifi bakwai na yaye, ga ni da rigar sanyi da safa ina lallashin ƙadangare. Na saukar da tanar gaban hancinsa na ce, "Kai, ni ba na roƙon yaro ya ci abinci. Karɓi." Ya tsaya yana kallona da wannan bakin nasa. Sai ya yi wuf ya haɗiye, har ya ja hantsakin.

Shahad ta rungume ni ta baya sai da na kusa faɗawa robar. Na ce ta sake ni, gwiwa. Ba ta saki ba.

Dawowa ba wani labari, na yi barci har Kano. Gwiwar kuwa har yanzu ina shafa mata man zafi.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar wayar Hauwa za ta yi ƙara. Ba Sanusi ba ne, ba Nafisa ba. Yarinyar ce da kanta. Sai ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa, sannan ta manna wayar a jikin gilashin ta ce in duba mata, wai idon likita bai kai nawa ba. Juma'ar da ta wuce na ce mata tuntayen lafiya lau, amma na hango tufafi zube a kan gado bayanta, ta tashi ta ninke. Ta yi gunaguninta da Larabci, ta jingina wayar inda zan gani, ta ninke su ina kallo.